Ranar da hannunta ya kai kunne

Bara da kunne aka kayar da ni. Ana gab da komawa lakwal, makarantar boko, na tura maigidana ƙauyensu, can bayan Ɗan Barto, ya taho da yarinyar nan a rubuta ta. Ya tafi da safe, ya dawo da la'asar da damin rake a bayan babur, babu yarinya. Wai Inna ta tsayar da ita a tsakar gida, ta ce ta ɗora hannun dama bisa kai ta kamo kunnen hagu, hannu bai kai ba. Wai yaron da hannunsa bai kai kunne ba ko an kai shi lakwal koro shi za a yi. Na ce masa, wa ke wannan awon yanzu? Ni kaina da aka sa ni lakwal ba wanda ya taɓa min kunne. Ya ce, to je ki faɗa mata mana. Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa, ya miƙe ƙafa yana shan rakensa.

Yarinyar nan da nake faɗa ɗiyata ce ta fari. Inna kuma uwar mijina ce. Ranar suna aka mayar wa jaririyar da sunan Inna, sai bakina ya ɗaure ta fuska biyu: ɗiyar fari ba a kama sunanta, sunan suruka kuma ko da wasa ba ya fita daga bakin matar ɗa. Da lokacin yaye ya yi Inna ta zo da kanta ta goya ta, aka ce wata biyu za ta yi a can ta manta da nono. Ta manta da nono, ta yi wayo, ta fara famfara, tana can. Kakar take ɗauka uwa, ita take kira Inna. Ni kuwa Yaya take ce min.

Duk wanda ya san ni a Matamaye ya san ba na ajiye magana a ciki. A kwaleji na tsaya gaban mushe, malamin lissafi, na ce masa ya yi kuskure a allo. Na taɓa mayar wa mahauci namansa a gaban jama'a don ya cika min ƙashi. Uwata ma cewa take bakina ya riga hankalina fitowa. Amma in aka zo kan yarinyar nan sai in zama bebiya. In an kawo ta da Salla ba na ɗora ta a cinya, ba na tambayarta ko ta ƙoshi. In ina son ta ci tsoka, sai in zuba a kwanon ƙanenta in tura shi kusa da ita, in juya baya. Haka aka yi min, haka na ga ana yi, kuma ban taɓa zaton zai yi min ciwo ba sai da ya zo kaina.

Abin da ya hana ni sukuni bana shi ne ta cika bakwai. Ƙauyen akwai lakwal, ba zan yi ƙarya ba, amma kilas ɗin rumfar kara ce. Sai an gama girbi an sare kara a kafa ta, ruwan farko kuma shi ke tashin karatun. Ko a can ɗin ma Inna ba ta sa ta ba. Na kuma san yadda ake yi da yarinyar da ta shiga ajin farko ta girme wa kowa. A zaunar da ita can baya don tsawo, ƙanana su riƙa ce mata uwar kilas, kafin shekara ta zagayo ita da kanta za ta ce ba ta so. Na zauna benci ɗaya da irinsu. Ba na son in ga tawa a wannan layin.

Tun bayan Salla na fara shiri ni kaɗai. Na sayi jaka ja mai zif, da allon lakwal da alli. Na kai wa tela yadi, ya ce ina yarinyar a auna ta, na ce yi mata kamar tsawon ɗiyar maƙwabciyata, ka rage kaɗan. Da ido na auna ta ranar Salla tana tsaye jikin randa. Na tura kayan ƙarƙashin gado. Da na tayar wa maigidan da zancen, ya ce Inna ta ce a bari a gama roron wake. Na ce wake ne zai koya mata karatu? Ya ce, "Ke dai ba ki da haƙuri. Ni zan buɗe baki in ce wa Inna ta ba ni uwata?" Haka yake kiran yarinyar, uwata. Na ga dai in na biye masa, za a gama wake a shiga gyaɗa, a gama gyaɗa ya ɗaura jakarsa ya tafi cin rani Legas, ni kuma a bar ni da sai baɗi.

Ranar Alhamis na goya ƙaramin, na ƙulla sabulu da gishiri da man zafi na gwiwa, na cusa jar jakar a tsakiyar ƙullin, na hau kabu-kabu, babur ɗin haya. Na ce wa maƙwabta zan je yi wa Inna barka da kaka.

Na same ta a gindin bedi, itacen dogon-yaron ƙofar ɗakinta, ita da wasu mata biyu na gidan, suna tsinkar gyaɗa. Na durƙusa na gaida ta. Muka yi ta gaisuwa, gajiya, ruwa, gero, gwiwa, mutanen gari, wanda ya mutu da wadda ta haihu. Na ja tulin gyaɗa gabana ina tsinka. Yarinyar ta kawo min ruwa a kwanon sha, ta durƙusa, na karɓa ban dube ta ba. Ta gefen ido dai na ga ta yi tsawo, na kuma ga kanta ya yi wani tudu a ƙarƙashin ɗankwali.

Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Inna, an ce ranar Litinin ake komawa lakwal."

Ta ce, "Haka aka ce?"

"Yaran unguwarmu duk an yi musu ɗinki."

"Allah ya raya su."

Ta ci gaba da tsinkar gyaɗarta. Ni ma na ci gaba da tawa, har na fara fasa ƙwanso don haushi. Can sai ta ɗaga murya, "Takwara! Zo nan ki gwada wa Yayarki, kada a ce ni na hana."

Yarinyar ta zo ta tsaya a gabanmu. Kitson doka aka yi mata, irin na tsofaffi, tudu guda tun daga goshi har ƙeya, aka kuma naɗa ɗankwali a kai. Ta ɗaga hannu ta ɗora. Yatsun suka sauko suka tsaya sama da kunnen kaɗan, suna motsi kamar masu nema. Na dubi gwiwar hannun, a ƙage take.

Inna ta ce, "Kin gani da idonki. Sai baɗi, in muna da rai."

Ban san lokacin da magana ta kuɓuce min ba. Na ce, "Inna, wannan kitson ai ko ni aka yi wa, hannuna ba zai kai ba."

Matan nan biyu suka daina tsinka. Ɗaya ta sa bakin zane ta rufe baki. Inna ta dube ni a natse, ta kakkaɓe ƙasar gyaɗa daga cinyarta.

"Ikon Allah. 'Yar lakwal, yau kuma ke ce mai magana a kanta? Ɗiyarki ce?"

In na ce e, kafin in koma gida labari ya riga ni: matar wane ta tsaya gaban uwar mijinta ta ce ɗiyar fari tata ce. In na ce a'a, na sa hannu da kaina a kan wata shekarar. Na sunkuyar da kai na ce, "Taki ce, Inna."

Ta ce, "To."

Allah ya taimake ni ƙaramin ya ɓata wando a daidai lokacin. Na tashi na zagaya da shi bayan rumbu. Ina kwance goyo sai ga yarinyar da buta. Ta zuba min ruwa ina wanke shi. Da na gama ta ajiye butar, ta waiga hagu da dama, ta ɗora hannu bisa dokar da ɗankwalin duka, ta cafke kunnen gaba ɗaya har tana jan sa sama.

Ta ce a hankali, "Yaya, yana kaiwa. Tun azumi yake kaiwa."

Na ce, "To me ya sa kika noƙe? Inna ta ce ki noƙe?"

"Ba ta ce ba."

"To?"

"In na tafi wa zai zura mata zare a allura? Ba ta ganin ramin. Kuma ni ke taka mata baya."

Na zo da shirin faɗa da tsohuwa mai taurin kai, ga shi yarinyar da ban taɓa rungumewa a gaban mutane ba tana ɗauke da tsohuwar a ka ita kaɗai. Na ce, "Ke kina son lakwal ɗin?"

Ta murza kunnen da ta ja. Sai ta ce, "Ana ba da jaka?"

"Akwai jaka."

"Wace kala?"

"Ja."

Ta ɗauki butarta ta ruga.

Da na zo sallama na shiga ɗakin Inna in ajiye mata tsarabar. Gado ɗaya ne, filo biyu, ƙaramin takalmin roba a gefen babba. Na fito da sabulu da gishiri da man zafi na jera. Jakar kuma na rataye ta a ƙusar da Inna ke rataye carbinta, inda ba yadda za a yi ta kasa gani. Na fito na durƙusa. Ban shirya abin da na faɗa ba, daga bayan rumbun nan ya biyo ni.

Na ce, "Inna, ɗakin nan na kusa da zaure ba kowa a ciki. In an gama kaka maigidan zai tafi, daga ni sai wannan. Ga likita kusa, a duba miki gwiwar nan."

Ta ce, "Ni in bar awakina in je in zauna a gari ina kallon bango?"

Na ce, "Akwai wurin ɗaure awaki."

Ta ce, "Ki gaida gida."

A kan kabu-kabu na dawo cikin hankalina. Ni da ko uwata ta ce gishirin miyata ya yi yawa sai mun yi, ni ce na gayyato uwar miji ta zauna min a ƙofar gida. Da na faɗa wa maigidan ya yi dariya har ya ƙware. "Ke? Ke kika ce Inna ta dawo nan? Wallahi sai na fasa tafiya Legas na tsaya kallo." Na ce ya yi ta dariya, shi da ya kasa ɗauko ɗiyarsa sai rake. Ya ce kada in sa rai, Inna tun rasuwar babansu ba ta taɓa kwana biyu a wajen ƙauyen nan ba.

Duk da haka na share ɗakin. Na fitar da buhunan da ke ciki, na shimfiɗa tabarma. Juma'a ta wuce, Asabar, Lahadi. Duk babur ɗin da ya rage gudu a bakin lungunmu sai na leƙa.

Litinin da sassafe unguwa ta cika da hayaniya. Yara sun sha wanka da man shafawa, goshi na ƙyalli, riguna da sauran layin guga. Wani na kuka uwarsa na jan sa, wata ta sa takalmin yayarta tana ja da ƙyar. Ɗiyar maƙwabciyata, wadda na ari tsawonta, ta leƙo ta ce, "Tanti, kin ga jakata?" Na ce na gani, wuce. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Daga nesa na ji an buga ƙarfen lakwal. Lungu ya yi tsit, sai kaji. Na ɗora tukunya na zauna a gaban murhu, ina ta hura wutar da ta riga ta kama, don in samu abin da zan ɗora wa laifin idona.

Ina nan sai na ji tsohuwar motar kasuwa ta tsaya a bakin lungu, da kukan akuya, da murya tana faɗa da yaron mota a kan ya sauke mata kaya a hankali ba na ubansa ba ne. Na san muryar. Na fita da ludayi a hannu.

Inna ce tsaye da sandarta. A gabanta ƙullin kaya, da tabarma a naɗe, da ƙwaryar gyaɗa, da awaki biyu da aka kwanto daga saman mota suna tangaɗi. A bayanta yarinyar, jar jaka a baya, ba komai a ciki sai lilo take. An tsefe dokar. An yi mata kitso ƙanana kwance lif da kai, ba ɗankwali.

Inna ta ce, "Kin tsaya kina kallona? Kama akuyar nan kafin ta shiga gidan mutane. Ina lakwal ɗin take?"

Na ce, "Inna, ki shiga ki huta, ki sha ruwa."

"An buga ƙarfe ko ba a buga ba?"

"An buga."

"To ruwan me?"

Na ɗaure awakin a gindin zogalena, na sauke tukunya. Na jawo kayan ƙarƙashin gado na miƙa wa Inna, ita ta sa mata rigar. Ta yi mata yawa kaɗan a kafaɗa. Inna ta ja wuyan rigar ta ce telan gari ba su iya komai ba. Na zura takardar haihuwar a jakata, na goya ƙaramin, muka kama hanya, su biyu a gaba riƙe da hannun juna, ni a baya. Inna na takawa da gwiwar nan tata, ni kuwa ji nake kamar in ɗauke su duka in ruga.

Filin lakwal ya cika da iyaye. An fito da tebur gindin itace, wata madan, malamar lakwal, na zaune tana rubuta sababbi, layi ya yi tsawo. Inna ba ta san layi ba, ko ta sani ta ƙi. Ta ratsa da sandarta har gaban tebur, ta tura yarinyar gaba.

"Ga ta. Ku auna ta."

Madan ta ɗago ta ce, "Sannu, Iya. A auna me?"

"Kunne."

Madan ta yi murmushi. "Ai an daina wannan tuntuni, Iya. Takarda muke dubawa."

"Yau za a yi. Ban taso da awaki a saman mota don a ce min an daina ba. Takwara, gwada musu."

Yarinyar ta dubi Inna. Inna ta ɗaga mata haɓa. Ta ɗora hannu bisa kai, ta kamo kunnen, har yatsun suka wuce shi suka taɓa muƙamuƙi. Mutanen layi suka kwashe da dariya, wani dattijo ya ce wannan ai ta isa kwaleji. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To. Ya kai. Rubuta."

Na miƙa takardar ta kan kafaɗar wata mata, na koma baya. Madan ta tambayi suna, Inna ta faɗa da ƙarfi, sunanta ne ai. Sai madan ta ce, "Ke ce mai riƙonta? Ina uwarta?"

Na juya ina kallon wasu yara da ke rububin famfo.

Na ji Inna ta ce, "Ni na raine ta. Uwarta ga ta can, mai goyon nan da ta ba mu baya kamar ba ta san mu ba. In ta yi rashin ji ita za ki nema. In kuma kika dake ta, ni zan neme ki."

Aka sake dariya. Ban juyo ba, don ban yarda da fuskata ba. Tun da na haife ta, ranar ce aka fara nuna ni a gaban mutane aka ce ni ce uwarta, kuma daga bakin da ya tambaye ni ko ɗiyata ce.

Aka jera su aka shiga da su kilas ta siminti, mai taga da ƙofa. A bakin ƙofar ta waigo sau ɗaya. Inna ta waigo wa, ba ni ba. Na ji abin, ba zan ɓoye ba. Amma ta shiga, na gan ta ta taga ta zauna a benci na biyu tsakanin yara tsararta, ta rungume jakar a ƙirji. Ji na yi kamar na sauke tulu bayan doguwar tafiya.

A hanyar komawa Inna ta riƙe kafaɗata maimakon sandar. Mun yi nisa, sannan ta ce, "Dangar bayan rumbun nan duk ta ɓule. Komai ana gani."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Ba zama na zo yi ba. In ta saba zan koma."

Na ce, "To, Inna."

Mun tarar awakin sun cinye zogalen har iya inda wuyansu ya kai. Inna ta leƙa tukunyata ta ce wannan ruwan ya yi wa miya yawa, ta sa aka matsar mata da tabarma zuwa zaure inda za ta riƙa ganin lungu. Ta fito da wani tsohon zane da ya yage, da allura, da zare, ta ajiye a cinya ta zauna. Na ce ta kawo in zura mata. Ta ce a'a, akwai mai yi.

Da rana ta take aka buga ƙarfe, lungu ya sake cika. Ina madafa na ji ta shigo da gudu, jaka na bugun bayanta. Ta zube gaban Inna, ta zura zaren tana haki, tana ba ta labari: madan tana da agogo, wani yaro ya yi fitsari a wando, an ce gobe kowa ya zo da tsumman goge allo. Na tsayar da ludayi don kada in rasa ko kalma ɗaya. Can sai ga ta a ƙofar madafa, alli har a gira, ta ɗago allon da ta cika da sanduna karkatattu.

"Yaya, duba."

Na duba da kyau, na daɗe ina dubawa. Na ce, "Na gani. Je ki wanke hannu, ki kai wa Inna abinci."

Ta tafi. Na yage gefen tsohon ɗankwalina na ninke mata tsumman gobe, na sa a aljihun jakar. Daga zaure Inna ta ɗaga murya tana tambaya wa ya zuba gishirin nan haka.